Sake Amfani da Gurɓataccen Ruwan Birane: Darasin Windhoek da Abin da Ya Rage wa Kano

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazari ne a kan yadda birane ke tace ruwan da jama'a suka riga suka yi amfani da shi, su sake mayar da shi cikin hidimar gari. An ɗauki birnin Windhoek na ƙasar Namibiya a matsayin babban misali, kasancewarsa birni na farko a duniya da ya fara mayar da ruwan bahaya da na wanka ruwan sha kai tsaye, tun a shekarar 1968. An kwatanta shi da abin da aka yi a Singafo da Durban da Isra'ila, sannan aka dubi matsayin irin wannan ruwa a fiƙihu. Daga nan takardar ta waiwayo gida, ta ɗauki Kano a matsayin zakaran gwajin dafi. Abin da ta gano shi ne Kano ta daɗe tana sake amfani da gurɓataccen ruwanta a lambunan Jakara da Getsi, sai dai babu tacewa kuma babu sa ido. Saboda haka ta ba da shawarar a fara da raba dagwalon masana'antu da ruwan gidaje, a tace kowanne gwargwadon aikin da za a yi da shi, a kuma ɗora alhakin kula da shi a wuyan hukuma guda.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kwana a unguwanni irin su Kurna ko Rijiyar Lemo ko Tudun Murtala ya san yadda gari ke wayewa. Tun kafin a idar da sallar Asuba 'yan garuwa sun fito da kura shaƙe da jarkoki, matan gida suna ta leƙe a ƙofar zaure don kada a wuce su. Ruwan da aka saya da tsada da safe, kafin la'asar an yi wanka da wanki da wanke-wanke da shi, ya bi rariya ya fita, ya shiga kwata, daga kwata ya gangara Jakara. A ganin maigida labarin ruwan ya ƙare ke nan. Amma can gaba kaɗan, wajen Kwakwaci, wani manomin lambu ya jefa tiyon injinsa cikin wannan ruwa yana ban-ruwan latas da alayyaho. Washegari ganyen na kan faifai a kasuwa, wataƙila ma ya koma gidan da ruwan ya fito.

Wannan zagaye shi ne mafarin takardar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwa na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na gurɓataccen ruwan da ake zubarwa a duniya yana komawa muhalli ba tare da an tace shi ba. Shi ya sa a cikin Muradun Raya Ƙasa Mai Ɗorewa aka ware ƙuduri na 6.3, wanda ya nemi a rage wannan adadi da rabi kafin shekarar 2030, a kuma faɗaɗa sake amfani da ruwa ta hanyar da ba ta cutarwa.

Tambayoyin da takardar ke son amsawa guda uku ne. Me ya sa Windhoek ta yi nasara a aikin da wasu biranen da suka fi ta arziki suka ja da baya? Wane ɓangare na nasarar za a iya ɗauka a dasa a garin da yawancin gidajensa masai da sokawe suke amfani da su? Ta ina ya kamata a fara?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Gurɓataccen ruwan birni iri uku ne, kuma haɗa su wuri guda shi ne tushen matsalar. Akwai ruwan wanka da wanki da alwala, wanda dattinsa bai wuce sabulu da maiƙo da ƙura ba. Akwai ruwan bahaya, mai ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki. Na uku shi ne dagwalon masana'antu, kamar na majemu da masaƙu, wanda ke ɗauke da sinadarai da ɓurɓushin ƙarafa masu guba. Ƙwayar cuta rai gare ta, ana iya kashe ta da rana ko kulorin ko tafasawa. Ƙarfe irin kuromiyam da dalma kuwa ba ya mutuwa, sai dai ya taru a ƙasa da ganye da jikin wanda ya ci.

Shi ma sake amfanin hawa-hawa ne. Mataki na ƙasa shi ne amfani da tataccen ruwa a ayyukan da ba na sha ba: ban-ruwa, gini, buga bulo, wankin mota, sanyaya injina. Na tsakiya shi ne a tace ruwan a zuba shi cikin dam ko a tura shi ƙarƙashin ƙasa, ya jima ya gauraya kafin a sake ɗebo shi a tace. Na ƙoli shi ne a tace shi a shigar da shi bututun famfo kai tsaye. Sai kuma wani nau'i na huɗu da ba a rubuta shi a tsarin kowace hukuma ba, wato inda garin da ke sama ya zuba dattinsa a kogi, garin da ke ƙasa ya ɗiba ya sha. Wannan na huɗun ya fi yawa a ƙasashenmu.

3.0 Misalin Windhoek

3.1 Abin da ya tilasta wa birnin

Windhoek na zaune ne a kan tudu a tsakiyar Namibiya, ƙasar da ta fi kowace bushewa a kudu da hamadar Sahara. Ruwan saman da birnin ke samu a shekara bai cika kai milimita 400 ba, alhali zafin rana da iska na iya ƙafar da fiye da milimita 3,000 daga kan tafki a tsawon wannan lokaci. Kogunan da ba sa ƙafewa, irin su Okavango a arewa da Orange a kudu, suna nesa da birnin da fiye da kilomita 700. Tun a shekarun 1950 rijiyoyin burtsatse da ƙananan madatsun ruwan garin suka fara gazawa. An gina madatsar Goreangab a 1958, amma yawan jama'a ya ci gaba da rinjayar ruwan.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da mahukuntan birnin suka duba gabas da yamma ba su ga kogin da za su jawo ba, sai suka dawo kan ruwan da ke fita daga gidajen mutane kullum, rani da damina. Tare da masana daga Afirka ta Kudu, wadda ke mulkin ƙasar a lokacin, suka shafe shekaru suna gwaji. A 1968 aka buɗe tashar Goreangab, tana samar da lita miliyan huɗu da ɗoriya a kullum. An yi ta yi mata garambawul har ta tsufa, sannan a 2002 aka buɗe sabuwar tasha mai ƙarfin lita miliyan 21 a kullum. Idan aka auna da jarka mai cin lita 25, wannan ya kai jarka 840,000 kowace rana. Gwargwadon yanayin shekara, tashar na samar da tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na ruwan shan birnin, kuma ita ce ta riƙe garin a farin 2016 da na 2019 lokacin da madatsun Von Bach da Swakoppoort da Omatako suka ja baya ƙwarai.

3.2 Yadda ake tace ruwan

Ruwan gidaje ba ya zuwa Goreangab kai tsaye. Yana fara shiga tashar Gammams, inda ake cire shara da yashi, a bar ƙananan halittu su cinye dattin da ke narke a ciki, sannan ya kwanta a tafkuna na wasu kwanaki. Bayan nan ne ake jawo shi zuwa sabuwar tashar.

A can ana fara hura masa iskar ozon, wadda ke farfasa sinadarai da kashe ƙwayoyin cuta. Sai a zuba maganin da ke sa datti ya dunƙule, aikin da alam ke yi a randa. Daga nan a cusa ƙananan kumfan iska su ɗago dunƙulen sama a yaɗe shi kamar yadda ake yaɗe mai a kan nono. Ruwan ya bi ta cikin yashi, a sake hura masa ozon karo na biyu, ya shiga ɗakunan gawayi na musamman: a wasu ɗakunan ƙananan halittu ne ke cinye ragowar datti, a wasu kuma gawayin ne ke tsotse shi. Mataki na gaba shi ne tantani mai ƙananan kafofi waɗanda ƙwayar cuta ba ta iya ratsawa. A ƙarshe a sa kulorin, a daidaita tsamin ruwan don kada ya ci bututu, a gauraya shi da ruwan dam da na rijiyoyi kafin ya isa famfon kowa.

Hikimar wannan jeri ita ce kowane nau'in datti sai ya ci karo da shinge fiye da ɗaya. In ɗaya ya yi rauni, na gaba zai tare. Akwai na'urori da ke auna ruwan dare da rana, kuma da zarar awo ya kauce wa ƙa'ida, ana juya ruwan ya koma baya, ba a barin sa ya fita. Fiye da shekara hamsin ke nan ana shan wannan ruwa ba a taɓa danganta ɓarkewar wata annoba da shi ba.

Wani abin lura shi ne tashar ba ta amfani da fasahar matse ruwa ta cikin tantanin da ke cire gishiri, wadda ake yayi a wasu ƙasashe. Fasahar na cin wutar lantarki sosai, tana kuma barin wani kaso na ruwan a matsayin ruwan gishiri mai kauri. Garin da ke bakin teku yana da inda zai zuba shi, amma Windhoek ba ta da teku a kusa. Illar rashin fasahar ita ce gishiri na taruwa sannu a hankali yayin da ruwa ke zagayawa, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa aka ƙayyade kason da ake gaurayawa. Wannan batu ya shafi Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, domin dukkansu garuruwan tudu ne.

3.3 Ginshiƙan nasarar

Idan aka ajiye batun injina gefe, za a ga abubuwa huɗu da suka riƙe aikin.

Na farko, tun daga tushe aka raba dagwalon masana'antu da ruwan gidaje. Masana'antun da ke fitar da ruwa mai guba, ciki har da majema, an tura nasu ta wani bututu dabam zuwa tashar Ujams, kuma ruwan da ya fito daga can ba ya shiga layin sha.

Na biyu, ba kowane aiki ake ba ruwa mai daraja ɗaya ba. Birnin na da bututu na biyu da ke kai ruwan da aka yi wa matsakaiciyar tacewa zuwa filayen wasa da wuraren shaƙatawa da maƙabartu. Ciyawa ba ta buƙatar ruwan da jariri zai sha.

Na uku, an raba mai gudanarwa da mai sa ido. Tashar mallakar birni ce, amma kamfanin WINGOC ne ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya ta dogon lokaci, wadda ta tanadi tara idan ingancin ruwa ya gaza. Ana kuma kai samfurin ruwan ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Na huɗu, ba a ɓoye wa jama'a komai ba. Ana kai 'yan makaranta ziyara tashar su ga ruwan tun daga shigarsa har fitarsa. Yaron da ya ga haka da idonsa ba ya tashi da ƙyamar abin.

4.0 Hanyoyin da Wasu Suka Bi

Singafo, wadda ta daɗe tana sayen ruwa daga Maleshiya bisa yarjejeniyar da za ta ƙare a 2061, ta ƙaddamar da ruwanta mai suna NEWater a 2002. Tashoshinta na iya biyan kusan kashi 40 cikin 100 na buƙatar ƙasar. Duk da tsabtar ruwan ta wuce ƙa'idar ruwan sha, mafi yawansa masana'antu ake sayar wa, kaɗan ne ake zubawa a madatsu lokacin rani.

A Durban ta Afirka ta Kudu an buɗe tasha a 2001 mai ƙarfin lita miliyan 47 da rabi a kullum, aka ƙulla ciniki da kamfanin takarda na Mondi da wata matatar mai. Masana'antun suka samu ruwa mai rahusa, ruwan famfon da suke sha a da kuma ya koma wa unguwanni.

Isra'ila na sake amfani da kusan kashi 90 cikin 100 na gurɓataccen ruwanta, akasari a noma. Ruwan yankin Tel Aviv ana tace shi a tashar Shafdan, a bar shi ya tsiyaya ta cikin rairayi, sannan a tura shi gonakin hamadar Negev.

Akwai kuma inda abin ya ci tura. A garin Toowoomba na Ostireliya, ana tsakiyar fari a 2006, an yi ƙuri'ar jin ra'ayi kan zuba tataccen ruwa a dam, kusan kashi 62 cikin 100 suka ce ba su yarda ba. Kuɗi akwai, fasaha akwai, amma zukatan mutane ba su natsu ba. Darasin da ke nan a fili yake: ruwan da jama'a ba su aminta da shi ba, ko ya fi ƙanƙara haske, ba zai shiga randarsu ba.

5.0 Batun Tsarki

A ƙasar Hausa tambayar farko da za a yi ita ce: ana alwala da shi? Tambaya ce mai nauyi, kuma kuskure ne injiniya ya ɗauke ta a matsayin jahilci.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana hukunta ruwa ne da siffofinsa uku: launi da ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta jirkita ɗaya daga cikinsu, ruwan ya najastu. Malamai sun kuma tattauna hukuncin ruwan da jirkitar ta gushe daga gare shi, har an samu saɓani a kan wanda ya washe don kansa ba tare da an ƙara masa ruwa mai tsarki ba. A wannan zamani, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta zauna kan batun a shekarar 1398 bayan Hijira, daidai da 1978. Ta yanke cewa idan aka tace gurɓataccen ruwa tacewa cikakkiya har ya koma asalinsa, babu alamar najasa a launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa, to ya tsarkaka, ana iya alwala da wanka da shi, ana iya shan sa matuƙar ba ya cutar da lafiya. Ta ƙara da cewa ya fi kyau a kauce wa shan sa idan akwai wani ruwan.

Abu biyu ya kamata a fitar daga nan. Na ɗaya, addini bai rufe ƙofa ba, kuma hanyar da wannan takarda ke kira a bi, wato fara amfani da ruwan a noma da masana'antu, ta dace da ihtiyaɗin da malaman suka yi. Na biyu, sharaɗin rashin cutarwa yana da faɗi. Kuromiyam da ƙwayar taifot na iya zama cikin ruwa garai-garai, ido bai gan su ba, hanci bai ji su ba. Don haka malami na buƙatar sakamakon ɗakin gwaji kafin ya ba da fatawa, shi kuma injiniya na buƙatar malami kafin jama'a su saurare shi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa. Al'ummar da ta gaji wannan sunna bai kamata a same ta cikin masu almubazzaranci da ruwa ba.

6.0 Halin da Kano Take Ciki

Kano ta fi Windhoek samun ruwan sama nesa ba kusa ba, ninki biyu ko fiye, sai dai duk yana sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar. Tana da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, da tashoshin tace ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari. Duk da haka unguwanni da dama sun manta rabon su da ruwan famfo, kowa ya koma haƙa burtsatse, ruwan ƙasa kuma sai ƙara nisa yake yi. Ga shi duk abin da Kano ta ƙara ɗiba daga kogi, an rage wa mutanen Wudil da Ringim da Haɗeja da Gashuwa, da masunta da makiyayan dausayin Haɗeja zuwa Nguru.

Ta fuskar gurɓataccen ruwa, bambancin biranen biyu babba ne. Windhoek na da bututun da ke tattara ruwan yawancin gidajenta zuwa wuri guda. A Kano bahaya na zuwa masai ko sokawe, in ya cika a kira masu kwasa, su kuma sau da yawa su juye a inda ido ba ya kaiwa. Ruwan wanka da wanki na bin kwata. Rafin Jakara ya ratso cikin birni ta gefen kasuwar Kurmi, ya kwashi na Fagge da Sabon Gari da mayanka, sannan ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su tafi tare zuwa madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A kudu kuma, dagwalon Sharaɗa da Challawa, inda majemu suka fi yawa, yana ƙarewa a kogin Challawa. Abin da Windhoek ta fara rabawa tun ranar farko, mu kullum a gauraye muke zubar da shi.

Manomin lambun da ke ban-ruwa da wannan ruwa ba mai laifi ba ne. Ruwan ba ya yankewa da rani, yana ɗauke da taki a cikinsa, ga kasuwa a kusa. Lissafinsa daidai ne, kuma iyalai da yawa da shi suke ci. Korar sa ba za ta haifar da komai ba sai yunwa da noman ɓoye. Shi ne kuma na farko da ke cutuwa, domin shi ke tsayawa cikin ruwan ba takalmi. Bayansa sai mai sayar da ganye, sai mai cin latas da kabeji ɗanye.

Mayar da datti dukiya kuwa ba baƙon abu ba ne a Kano. Shekaru aru-aru jakuna na fita da takin bola daga cikin ganuwa zuwa gonakin karkara, su dawo da itace da hatsi, abin da ya sa ake noma gonakin kewayen birni kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Katsin da ke kwanciya a gindin marina ma ba a zubar da shi, magina na haɗa shi cikin lason da ake shafe soro. Tunanin yana nan cikin jinin mutane. Abin da ya rage shi ne a ɗora shi a kan ruwa, da ilimi da tsari.

7.0 Shawarwari

Wannan takarda ba ta kira da a gina irin tashar Goreangab a Kano a yanzu ba. Tashar da ke dogara da ozon da tantani tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da kayan gyara a kan kari, da ma'aikatan da ake biya a kan lokaci. Gina ta kafin a samar da waɗannan kasada ce da rayukan mutane, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya dace a ɗauko daga Windhoek shi ne jerin matakanta.

1. A raba dagwalon masana'antu da sauran ruwa. Kowace unguwar masana'antu ta samu tashar tacewa ta haɗin gwiwa mai aiki, majemu kuma su riƙa ƙwato kuromiyam daga ruwan jima su sake amfani da shi, wanda hakan ragin kuɗi ne a gare su. Hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, da aka kafa a 2007, tana da dokoki kan wannan. Aiwatarwa ake jira.

2. A tanadi wuraren juye kashin masai a sassan birni, a yi wa masu kwasa rajista, a mayar da abin da suka kawo taki bayan ya bushe ya huce.

3. A gina jerin tafkunan tacewa a kan Jakara kafin ruwa ya isa lambuna. Wannan hanya rana da lokaci take buƙata, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. In an tsara su da kyau, suna iya kai ruwa ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙwan tsutsa da bai wuce ɗaya ba a lita guda. A keɓe filayen tun yanzu, kafin a yanka su fuloti.

4. Kafin tafkunan su samu, a bi tsarin shinge-shinge da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006: ban-ruwa ta kwari maimakon watsawa a kan ganye, dakatar da ban-ruwa kwanaki kaɗan kafin cira, takalmin roba ga manomi, da ruwa mai tsabta na wanke ganye a kasuwa.

5. A fara gwaji da ruwan alwala a manyan masallatan Juma'a da makarantun kwana. Ruwa ne mai sauƙin datti, tankin yashi da tsakuwa ya ishe shi, a shayar da bishiyoyi a kuma kora bahaya da shi. Masallaci ne wurin da jama'a za su fi saurin gamsuwa.

6. A nemo masu sayen tataccen ruwa tun kafin a gina tasha, kamar yadda Durban ta yi: masu buga bulo, masu wankin mota, kamfanonin gine-gine da masana'antu. Kuɗinsu ne zai riƙe aikin.

7. A ɗora alhakin gurɓataccen ruwa a kan hukuma guda mai kasafin kuɗinta, jami'o'in jihar su riƙa auna ruwan, a bayyana sakamakon a rediyo da Hausa.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa nasarar Windhoek ta samo asali ne daga raba ruwa tun daga tushe, jera shinge bayan shinge, ba kowane aiki ruwan da ya dace da shi, da faɗa wa jama'a gaskiya. Ta nuna cewa fiƙihu ya buɗe ƙofar amfani da tataccen ruwa bisa sharaɗin kada ya cutar. Ta kuma nuna cewa Kano ta riga ta shiga harkar sake amfani da ruwa, ta hanyar da ta fi kowace haɗari, kuma talaka ne ke biyan kuɗin da lafiyarsa.

Windhoek ta fara wannan aiki tana ƙaramin gari, da fasahar shekarun 1960. Matakan farko da ake nema daga gare mu ba su kai nata wuya ba. Ina kira ga gwamnati da masu masana'antu da malamai da 'yan'uwana manazarta da mu ɗauki rafin Jakara a matsayin aikin farko, mu tsabtace shi tun daga Kurmi har Wasai. Rigakafi ya fi magani, kuma ruwan da muka zubar yau shi 'ya'yanmu za su ci a cikin abincinsu gobe.